Dutsen da Ya Same Ni a Yendi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ni ce Salamatu, daga Bawku nake rubutu. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. Ko kina raye ma ba karatu kike yi ba, kuma da wani zai zauna ya karanta miki, yana faɗin sunan mai aikowa za ki miƙe ki ce kin bar tukunya a kan wuta. To, yau babu tukunya, Inna. Sai ki haƙura ki ji ni.

Kwanana tara da dawowa daga sadakar arba'in ɗinki. Labarin rasuwarki sai da ya yi kwana goma sha ɗaya a hanya kafin ya iso ni, shi ya sa ban ga fuskarki ba. Salaga tana nan yadda kika bar ta. Rijiyar tsakar gida ta ja baya tun lokacinta bai yi ba, sai maƙwabta ake zuwa ɗibar ruwa. Akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba. Goggo Laraba gwiwa ta matsa mata, da sanda take zagayawa, amma bakinta lafiya ƙalau. Matan unguwarmu ta Zango sai tambaya suke wa zai riƙa yanke wa 'ya'yansu cibiya yanzu, wata ma ta riƙe mini zane wai in dawo gida in gaje ki. Hanya kuwa ta yi sauƙi tun da sojojin da suka dawo daga yaƙi suka fara jan lori.

Nan gida, maigidan ya tafi Zebilla da shanu, sai jibi. Takwararki na kwance a ɗakin da ke jikin nawa. Ina jin nishinta ta bango yanzu haka, ga rana tsaka, kowa na harkarsa. Ciwon mara ne, Inna. Wata na uku ke nan da ta fara fashin salla, shekararta goma sha biyu, kuma ban san ta fara ba sai da maƙwabciyata Ayi ta zo ta tsaya a kaina, ta ce wai ni ungozomar gari guda, 'yata na birgima a ƙasa ina nan ina tsince shinkafa. Ban shiga ɗakin ba. Wata uku ina kaiwa bakin ƙofa ina juyowa, sai in dama kunu in ba Ayi ta kai mata. Kin fi kowa sanin dalili. 'Yar fari ce, kuma sunanki gare ta. Tun da aka raɗa mata shi ban taɓa furta shi ba, ban taɓa zama na dube ta na tambaye ta ina ke mata ciwo ba. A wurinki na koya.

Shi ya sa na ɗauko alƙalami. Ban san abin da ya kamata in yi ba, kuma ke kika ruɗa ni.

Ni ma ai 'yar farinki ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, ga ɗakinta na kallon naki. A gida ɗaya muka rayu, amma in kina son in miƙo miki muciya sai ki dubi bango ki ce a miƙo muciya. In baƙuwa ta tambaye ki 'yar wace ce wannan, ki ce 'yar Laraba ce. Kowa ya yaba miki, aka ce ba a taɓa ganin mai kunya irinki ba a Zango. Ni ma har alfahari nake da hakan, wallahi. Ke da babu macen da ba ki san jikinta ba daga Salaga har Kpandai, ke da ake turo jaki a ɗauke ki in haihuwa ta gardama, sai ga shi jikin 'yarki ne kaɗai ba ki da bakin magana a kansa.

Kin tuna ranar da na fara? Ban cika sha biyu ba. Na kwanta a tabarmar Goggo na naɗe kamar an ɗaure ni da igiya, ina amai, ƙafafuna sun yi sanyi. Goggo ta ce wankan ruwan rijiya da sassafe ne ya jawo. Wata biyu aka yi ana dafa mini ruwa, ciwo bai fasa ba, sai ta ce to ɗanyen mangwaro ne. Aka hana ni mangwaro, aka hana ni tsamiya. Baba ya karɓo rubutu, na sha har haƙorana suka yi baƙi. Ke kuwa kika wuce ta ƙofar ɗakin kina kiran kaji. Na ga ƙafarki ta ƙarƙashin asabari, ta tsaya kaɗan, sannan ta wuce. A ranar na ce a raina matar nan ba ta ƙaunata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau na faɗa miki.

Da Kawu ya aiko daga Yendi cewa wata Baturiya, Sista, tana neman 'yan mata da za ta koya wa aikin ungozoma da jinya, Baba ya ce in tafi tunda jinin gidan ne. Mutane suka yi ta surutu, wai budurwa a ɗakin haihuwa. Ke ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Ranar tafiya kika ce wa Goggo a gaya wa masu tafiya su riƙe salla.

Mu uku ne masu koyo. Ni, da Sanatu 'yar Dagomba, da Abena da ta zo daga kudu. Aikin ba irin naki ba ne, Inna. Ke in kin yanke cibiya kin yi wa mai jego wanka sai a kawo miki tabarma da goro. Mu tun hantsi bai yi ba muna tsaye, wankin zannuwa, tafasa almakashi da zare, goge daɓe, auna jarirai, ranar kasuwa kuma mata su cika baranda har bakin titi. Sau da yawa ni da Sanatu sai azahar muke sa wani abu a ciki. Ni dai ɓarin goro nake maƙalewa a kumatu in yi ta aiki, kin san 'yar gidan fataken goro ba ta rasa shi.

Wata na zagayowa sai mu faɗi, ni da Sanatu. Wani lokacin ma rana ɗaya, ita a wannan tabarma ni a waccan, muna nishi muna yi wa juna dariya. Abena kuwa garau, ta ci dokununta, tuwon masarar nan na mutanen kudu, da kifi da safe ta yi ta waƙa, har haushinta muke ji. Sista ta gaji da rasa mutum biyu duk wata, sai ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, ga littafi a gabanta, tana tambaya da Hausarta irin ta bariki. Shekara nawa kika fara. Kwana nawa yake yi. Da yawa yake zuwa ko kaɗan. Kina karyawa da safe. Goro nawa kike ci. Duk na amsa kaina a sunkuye. Sai ta zo kan ta ƙarshe, wai uwata tana yin irin wannan ciwon?

Haba, Inna! Ta ina zan sani? Na ce ban sani ba. Ta ajiye alƙalami ta ce yaya 'yar ungozoma za ta ce ba ta san wannan ba, ashe ba ma magana da uwata. Kunya ta kama ni. Yaya zan yi in fahimtar da Baturiya cewa uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma abin yabo ne a wurinmu? Sai na ce a'a, uwata ba ta taɓa kwanciya ba ko sau ɗaya. Kuma a iya sanina gaskiya na faɗa, don ban taɓa ganin kin kwanta da rana ba.

Sanatu ita 'yar auta ce, a cinyar uwarta ta girma, babu abin da ba sa faɗa wa juna. Ta ce uwarta na yi, yayyenta biyu na yi. Sista ta gyaɗa kai ta ce to nata na gida ne, ta ba ta hutun ranar farko duk wata. Ni kuwa ta ce tunda ba na gida ba ne, ni nake jawo wa kaina. Ta hana ni goro. Ta sa a riƙa ba ni koko da safe a gabanta, in shanye tana kallo kamar yaron da ake yi wa ɗure. Ban ce ba ta yi don alheri ba. Na yi wata uku babu goro, kaina kamar zai tsage, ciwon ya ɗan sassauta wata ɗaya, wata na biyu ya dawo da ƙarfinsa. Daga nan sai na ga ta fara yi mini wani irin kallo, irin wanda ake yi wa mai ƙaryar ciwo.

Sai ranar da na yi abin kunya. Wata mata aka kawo daga ƙauye, haihuwar fari, ta galabaita. Ni ke riƙe da tasar da aka tafasa almakashi da zare a ciki. Tun safe marata ke murɗawa, na ƙi faɗa. Kan yaro na fitowa sai na ga ɗakin ya juya, tasa ta kuɓuce, komai ya watse a ƙasa. Sai da Abena ta ruga ta sake tafasawa, jariri na kwance da cibiyarsa ana jira. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suka tashi lafiya. Da yamma Sista ta kira ni ta ce in ya sake faruwa sai dai in koma Salaga, don ba za ta damƙa ran mutum a hannun da ke rawa ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ni ce ita haka zan faɗa.

Ban aika gida ba, amma Kawu ya aika. Bayan mako biyu sai ga ɗaya daga cikin masu kawo goron Baba Yendi ya miƙo mini ƙunshi, ya ce in ji Goggo. Na kwance, sai dutse. Baƙi, sumul, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, gefe ɗaya ya ɗan lotsa. Saƙon baki ya ce in sa shi a gefen murhu ya ɗau zafi, in naɗe a tsumma, in ɗaure a mara ƙarƙashin zane tun kafin ciwon ya kankama. Na ce ikon Allah, ana maganar korata daga aiki Goggo na aiko mini da dutse.

Inna, dutsen nan shi ya riƙe ni shekara biyu. Ba ya raba ni da ciwon, amma yana sa in iya tsayawa. Zafinsa na kaiwa daga safe har kusan azahar, in ya huce in faki ido in mayar da shi murhu. Da shi a ɗaure na karɓi haihuwa ban san iyaka ba, Sista ba ta taɓa sani ba, har ta rubuta a littafinta cewa barin goro da shan koko sun warkar da ni. Da shi na samu takardata aka turo ni Bawku. Duk zuwan da na yi gida sai na durƙusa na gode wa Goggo, na kawo mata turmin zane, kina zaune kina jin mu. Har na taɓa cewa a gabanki, da gangan don ki ji, Goggo ce uwata ta gaskiya. Ba ki ɗago kai ba, kika ci gaba da tsinkar zogale.

Da na haifi takwararki ciwon ya ragu sosai, har na daina neman dutsen. Kin san abin da nake yi da shi shekara goma sha biyu? Ƙofar madafi nake tokarewa da shi don kada iska ta rufe. Kaji na hawa kansa.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse da la'asar, ina shafa wa Goggo man kaɗanya a gwiwa, sai na sake yi mata godiyar dutsen. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce wane dutse, ita da ba ta taɓa sanin ciwon mara ba a rayuwarta? Ta ce naki ne. Ta ce na mahaifiyarki ne, da shi ta taho daga Kano a cikin ayarin goro, ita ma ciwon ya wahalar da ita har ta manyanta. Ta ce tun kina amarya duk wata da shi kike yawo a ɗaure, da shi kike zuwa karɓar haihuwar mutane. Ranar da saƙon Kawu ya iso kika kwance shi da ɗuminsa, kika sa ta rantse ba za ta faɗa ba muddin kina numfashi.

Na ce to duwatsu sun ƙare a Salaga ne, ba sai ki nemi wani ba? Ta ce kin nema. Wani ya fashe a wuta, wani ba ya riƙe zafi ko na dafa shayi. Sai kika koma zuba garwashi a kasko kina naɗewa da tsumma. Ita ta yi miki wankan gawa, Inna. Ta ce marar taki duk tabon ƙuna ne, wani kan wani, tsoho da sabo, har ta kasa ci gaba sai da ta fita ta sha iska.

Tun ranar kaina bai dawo daidai ba. Sai yanzu nake tuna yadda kike tafiya a ɗan duƙe wasu ranaku, hannu ɗaya a ƙugu, ni kuwa na ɗauka haka tafiyarki take. Kunun kanwar da nake tashi in tarar a bakin tabarma da zafinsa, wanda Goggo ke cewa ita ta dama, shi ma ke ce? Ranar da ƙafarki ta tsaya a bayan asabari, me kika so ki ce? Kin san ciwon tun daga tushensa, kina kallo aka hana ni mangwaro, aka ɗura mini rubutu, ba ki ce uffan ba. Da kin ce wa ko bango ne, a gaya wa yarinyar can ciwon gidanmu ne, da na ba Sista amsar gaskiya, da na samu hutun kwana ɗaya kamar Sanatu, da tasar nan ba ta faɗi ba. Da ke ma kin riƙe dutsenki ba ki ƙona jikinki ba. Ina jin haushinki, Inna, wallahi ina ji. Kuma in na tuna kaskon nan sai in rasa inda zan sa kaina don kunya da tausayi. Ban san wanne zan riƙe ba.

Shi kansa ciwon ban gane masa ba har yau, ni da nake da takarda. In goro ne, Sanatu ba ta taɓa sa shi a baki ba, ga shi ta fi ni shan wuya. In rashin karyawa ne, na sha koko wata uku a banza. Abena da muke cewa ƙarfe ce, watan da za a yi mana jarrabawa sai ga ta a tabarma tana kiran uwarta, bayan an gama kuma ta miƙe garau, to ita tsoro ne ya kama mata mara? Ni na fara da wuri, nawa kuma yana zuwa da yawa, Sista ta ce wannan ma yana sawa. Yanzu kuma ga gado. Ko duk haɗuwa suke yi, kowace da rabonta? Oho. In gado ne kuwa, ni na ba yarinyar nan da ke nishi a bayan bango, kamar yadda kika ba ni, kamar yadda aka ba ki.

Ga wani abin da ke ci mini rai. Yanzu ni ma ina da 'yan mata biyu masu koyo a hannuna, kuma tambayoyin Sista nake yi musu, har da ta ƙarshen. Ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce a'a, uwarta ba ta yi. Na karɓa, har na yi mata faɗan son jiki watan jiya. Sai a lori ina dawowa daga Salaga na tuna yarinyar 'yar fari ce. Ni da aka yi wa, ni ce kuma na yi wa wata.

To ki gaya mini, kunyar nan da aka yabe ki a kanta, wadda ni ma ake yabona a kanta a Bawku, me ta tsare mana? Ban ce ki yi kuskure ba. Haka kika tarar, kuma a cikinta kika san yadda kika yi kika ba ni abin da ya fi komai amfani a wurinki. Wataƙila ni ce ban iya ji ba. Amma shekara nawa na yi ina zaton ba kya sona, kina tsallaken tsakar gida kaɗai? Takwararki ta ce wa Ayi ita ma aikin ungozoma take so. Wata rana wani zai buɗe littafi ya tambaye ta ko uwarta na yi. Me za ta ce?

Kafin in zauna rubutun nan na ɗauke dutsen daga bakin ƙofa. Na wanke shi da sabulu sau uku, na sa shi a gefen murhu. Ayi ta leƙo ɗazu ta ce in ya yi zafi in kira ta ta kai. Na ce mata to. Amma ba zan kira ta ba.

Ban san da wace kalma ake farawa ba, ba wanda ya taɓa yi mini. Ina jin zan ɗaga labule in zauna a bakin tabarmarta, in ɗaura mata da hannuna, in ce na kakarki ne, ta gada daga uwarta, ni ma na yi, ba ke kika jawo wa kanki ba. Kuma kafin duk wannan sai na kira ta, don ba a shiga wa mutum da irin wannan magana a ce masa ke. Sunanta kuwa naki ne. Ban taɓa faɗinsa ba a matsayin 'yarki, ban taɓa faɗinsa ba a matsayin uwarta.

Dutsen ya yi zafi, ina jin ƙaurin tsumman da na ajiye kusa da shi. Zan tashi. Idan kika ji an ce Hajara daga wajen Bawku, ki yafe mini rashin kunyar, ku biyu nake kira.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya miki inda wuta ta taɓa. Sai mun zo.

Ni ce 'yar Laraba, in ji ki,
'yarki Salamatu.